Tsaga Uku a Kyamarar Malam Tanimu

An ce wai an yi wani alƙali mai suna Haliru, a wani gari na bakin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya nufi Ƙauran Namoda. Masu ba da labarinsa sukan ce a zamanin Turawa aka yi shari'ar da za mu ambata, amma wannan kuskure ne. A shekarar 1962 aka yi ta, shekara biyu bayan samun mulkin kai, da kaka, an fara kai gyaɗa tasha. Alƙalin a lokacin ya ba saba'in baya, kuma an san shi da hali biyu: ba ya gaggawar yanke hukunci, ba ya kuma son wani ya fita daga gabansa da kunyar da za a iya kauce mata.

A garin akwai wani mai ɗaukar hoto, Malam Tanimu, wanda ya yi aikin soja a yaƙin Bama. Da aka sallame su a 1946, ya dawo gida da bargo ɗaya, da tabo a ƙwauri, da wata kyamara da ya saya a ƙasar Indiya. Irin mai naɗewa ce, idan an buɗe ta sai wuyanta na fata ya miƙe kamar zugazugin maƙera, shi ya sa mutanen gari suka sa mata suna Mai Zugazugi. Fim ɗinta babba ne, hoto takwas kawai yake ɗauka, amma kowane ɗaya sai ka ƙirga zaren aikin wuyan riga a cikinsa. Aibinta ɗaya ne. A bakinta akwai zobe mai lambobi na ƙafa, kuma dole mai ita ya kintaci nisan da ke tsakaninsa da wanda zai ɗauka, sannan ya murɗa zoben ya tsayar a kan lambar. In ya yi daidai, hoto ya fito tangaram. In ya kuskure da ƙafa ɗaya, musamman a cikin zaure inda haske ya yi ƙaranci, sai fuska ta fito dishi-dishi kamar an hango ta cikin ruwa.

Da sana'a ta kankama, Malam Tanimu ya sayi waɗansu kyamarori uku na zamani, ƙanana, waɗanda masu sana'ar ke kira masu ma'aunin nisa. Su idan ka leƙa tagarsu sai ka ga mutum ya rabu biyu, ka yi ta murɗa zobe har biyun su haɗe su zama ɗaya, to a nan ka sami nisa ba tare da kintace ba. Ya yi 'yan shekaru yana aiki da su. Sai a 1953 ya naɗe su a tsumma ya rufe a akwati, ya koma wa Mai Zugazugi, ya ce ƙaramin fim ba ya girmama fuskar mutum. Abokan sana'a suka yi dariya, suka ce tsufa ya fara taɓa Malam. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin a shekara tara da suka biyo baya babu hoto ko ɗaya da ya fita daga hannunsa da dushewa.

A shekarun nan ba a ganinsa wurin aiki sai da matarsa Kuluwa. Da farko don gidajen kulle take binsa, ta shiga ta shirya mata kafin a yi masa iso. Daga baya mutane suka saba, har suka sa mata suna mai gyaran zama, domin ita ke zuwa ta daidaita wa mutum darduma ko ta gyara masa bakin mayafi, sannan ta tako a hankali ta dawo bayan mijinta ta tsaya. 'Yar masaƙa ce, ta tashi tana yi wa mahaifinta wadari, wato jan zare tsakanin turaku kafin a ɗora shi a masaƙa.

Malam Tanimu ya rasu da bazarar shekarar. Kafin rasuwarsa ya kira liman da shaidu biyu ya yi wasiyya, cewa kyamarorinsa masu ma'aunin nisa, da duk abin da ke tare da su, a ba ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta garin don a riƙa koyar da na baya. Wasiyyar ba ta kai sulusin abin da ya bari ba, saboda haka babu mai ja da ita. 'Ya'yansa mata uku suka ce sun bar wa mahaifiyarsu Mai Zugazugi, ta riƙa gani tana tunawa.

Shugaban ƙungiyar shi ne Nababa, wanda a gidan Malam Tanimu ya koyi sana'a har ya buɗe shagonsa a bakin kasuwa, ya kuma yi iyali. Inna yake ce wa Kuluwa, don tuwonta ya ci ya girma. Da ta fita takaba ya je ya karɓi kyamarori uku, ya yi godiya, sannan ya ce saura ɗaya. Ta ce babu saura. Ya koma sau biyu, ta ba shi amsa ɗaya. 'Yan ƙungiya suka matsa masa, suka ce amanar mamaci ce a wuyansa, in ya yi kara ya ci amana. Haka maganar ta kai gaban Alƙali Haliru.

Ranar zama aka jera kyamarorin huɗu a kan buzu. Alƙali ya ce wa Nababa ya faɗi da'awarsa.

Nababa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wallahi da son raina ne da ban tsaya nan ba, domin wannan baiwar Allah uwata ce. Amma hujjata biyu ce. Ta farko, ga zobe nan a bakin kyamarar, an rubuta nisa a jikinsa, daga ƙafa huɗu har abin da ido ya hango. Abin da aka rubuta wa nisa, ai ma'aunin nisa ne. Ta biyu, a kanta akwai wani gurbi na ƙarfe. Ana sayar da wani ƙaramin ma'auni dabam, kamar tsawon ɗan yatsa, a zura shi a gurbin ya gaya wa mutum nisa. Ni na ce Malam yana da shi. Shekara goma sha biyar nake cikin sana'ar nan, na san babu ɗan Adam da zai yi shekara tara yana kintace a cikin zauruka masu duhu bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. In kuwa akwai ma'aunin, to ita da shi duk suna cikin wasiyya."

Alƙali ya juya wajen Kuluwa, wadda ke zaune a gefe lulluɓe da mayafi. Ya ce, "Baiwar Allah, kin ji. Me kika ce?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ban san karatun lambobi ba. Abin da na sani, shekara goma sha shida ina goge ta da bakin zanena. In an ɗauke ta, ɗakin ya zama kango."

Nababa ya ce, "Inna, ba ƙwace miki za a yi ba. A ɗakin ƙungiya za a sa ta cikin gilashi, da sunan Malam a rubuce. Duk ran da kika so sai ki zo ki gani."

Ta ce, "Kai da ka san ko kasuwa ban cika zuwa ba, sai in riƙa sallama ga maza kafin in ga kayan ɗakina? Nababa, yaushe ka yi girman da za ka ba ni izini?"

Mutane suka yi murmushi, Nababa ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, "Ƙa'ida sananniya ce, hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Nababa bai kawo shaidar da ya ga ƙaramin ma'aunin ba. Saboda haka, Kuluwa, za ki iya rantsewa cewa mijinki ba shi da wani abin da yake gane nisa da shi in yana aiki da wannan kyamara, ban da idonsa?"

Nan kowa ya ɗauka magana ta ƙare, ta rantse ta ɗauki kayarta. Amma Kuluwa ta girgiza kai. Can ta ce, "Ba zan rantse ba."

Alƙali ya ce, "To ki yi mana bayani."

Ta ce, "Bayanin ma ba zan yi ba, Allah ya gafarta Malam. A yi mini hukuncin da Allah ya nuna."

Duk wanda ya san shari'a a wurin ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ya ƙi rantsuwa, akan mayar da ita kan abokin shari'arsa, in ya rantse ya ɗauka. Waɗansu suka fara raɗa cewa lalle tsohuwar ta ɓoye wani abu. Alƙali ya dubi fuskarta, gwargwadon abin da idonsa ke iya gani, ya ga ba fuskar mai ɓoye kayan wani ba ce, fuskar mai ɗauke da kayan wani ce. Ya ce an ɗaga zama sai jibi, a bar kyamarorin a hannunsa.

Washegari da hantsi ya zauna a zaurensa shi kaɗai, ya ɗauki Mai Zugazugi yana juyawa. Shi kansa a shekarun nan ganinsa ya fara raguwa, har ya koma ɗaura zare mai ƙulli a bakin littattafansa don ya gane babi da hannu ba sai ya nemi rubutu ba. Saboda haka bai tsaya duban lambobin ba, yatsa ya sa yana bin zoben. A ƙarƙashinsa, ta inda ido ba ya kaiwa sai an kifa kyamarar, farcensa ya faɗa cikin wata 'yar tsaga. Ya murɗa, ya sami ta biyu. Ya ƙara murɗawa, ya sami ta uku. Ba karcewar faɗuwa ba ce, aikin zarto ne, an yi shi da natsuwa, bakin kowace ya yi sumul saboda yawan shafa. Ya fito da ita rana ya duba da tabarau, ya ga in yatsa ya sami ta farko zoben yana kan ƙafa bakwai, ta biyu goma, ta uku goma sha biyar.

Alƙali ya ajiye ta a cinyarsa. Mai ganin lamba ba ya yi mata tsaga. Ya tuna cewa Malam Tanimu ya iya rubutun boko tun a soja, amma liman ya sa ya rubuta masa wasiyya. Ya tuna shekarar da ya rufe kyamarori uku a akwati, waɗanda ba sa aiki sai da ido mai kaifi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi hotonsa da ke rataye a bangon zauren, wanda Malam Tanimu ya ɗauke shi shekara uku da suka wuce, ya tuna yadda Kuluwa ta zo ta ja masa bakin darduma, alhali dardumar ba ta karkace ba, ta koma tana taku ɗai-ɗai kamar mai wadari, ta tsaya bayan mijinta ta yi masa magana a hankali, sannan aka ji ƙyas.

Ya ce a ransa, "Ashe ma'aunin yana nan, gaskiyar Nababa. Sai dai da ƙafafunsa ya zo kotu."

To, nan alƙali ya sami kansa a tsaka mai wuya. In ya bi zahirin ƙa'ida ya mayar wa Nababa rantsuwa, zai raba tsohuwa da abin da yake hakkinta. In ya faɗi abin da ya gano a bainar jama'a, zai ba ta kyamara amma ya tona abin da ta zaɓi ta rasa kyamarar a kan ta tona, kuma gobe a kasuwa za a ce hotunan da ke rataye a zaurukan garin ashe na makaho ne, mata ce ke ja masa gora. In kuma ya yi hukunci bai gamsar da Nababa ba, zargi zai zauna tsakanin uwa da ɗa har kabari. Ya wuni yana auna waɗannan uku.

Ranar komawa ya sa aka fitar da zaman filin kotu, inda rana take. Ya ce, "Ni ba mai ɗaukar hoto ba ne, kuma alƙalin da ya yi hukunci a kan abin da bai sani ba ya ɗauki wuta da hannunsa. An ce gani ya kori ji. Nababa, yau kai ne malamina."

Ya sa aka liƙe lambobin ɗaya daga ƙananan kyamarorin da takarda, ya tsayar da ɗan doka can gindin bishiyar bedi, ya ce wa Nababa ya gaya masa nisansa. Nababa ya leƙa, ya murɗa, ya ce ya gama. Aka ɓare takarda, ga zobe a kan ƙafa goma sha biyu. Aka ja igiyar awo, sha biyun ce.

Alƙali ya ce, "Madalla. To ga Mai Zugazugi, ba na ma rufe lambobinta. Ɗan doka, matsa baya. Nababa, leƙa ka tambaye ta."

Nababa ya leƙa, ya murɗa zoben gaba, ya murɗa baya, ya sauke. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tagarta ba ta sauyawa. Na kusa da na nesa duk ɗaya ne a wurinta."

"Wato ba ta faɗa?"

"Ba ta faɗa. Sai dai a faɗa mata."

Alƙali ya ce, "To ashe kama da wane ba ta wane. Ƙoƙon da aka zana wa layi ba shi ya san yawan hatsin da ke rumbu ba. Hujjarka ta farko ke nan. Yanzu nuna mini gurbin da ke kan kyamararka ta aiki, wadda ke rataye a wuyanka."

Nababa ya nuna. Gurbin ya goge fes, ƙarfensa na ƙyalli saboda zura fitilar ɗaukar hoto da cirewa. Aka dubi na Mai Zugazugi, baƙin fentinsa yana nan kamar ran da aka ƙera shi, ko ƙwarzane babu.

Nababa ya ce, "Na gani, ba a taɓa zura komai a nan ba. Amma Allah ya gafarta Malam, zuciyata ba ta kwanta ba. Ta yaya ya yi? Kuma don me Inna ta ƙi rantsuwa?"

Alƙali ya ce, "Tambayarka tana kan hanya, kuma ba na so ka tafi da ita gida. Wataƙila akwai wata dabara a jikin kyamarar da ni jahilin sana'a ban gane ba. Na ji an ce ku masu hoto, in fim ya maƙale muku a daji, kukan sa hannu cikin riga ku gyara ba ku gani. Haka ne?"

"Haka ne."

"To sa ta cikin rigarka. Kada ka duba. Bi ta da yatsa a hankali, tun daga wuya har baki, ka murɗa zoben daga farko zuwa ƙarshe. In ka sami wani abin da ya shafi shari'ar nan, ka faɗa a gaban jama'a. In kuwa abin da ka samu bai shafe ta ba, kai ka san abin da ya dace da shi."

Nababa ya cusa kyamarar cikin babbar rigarsa. Mutane suna kallonsa, waɗansu na dariya ƙasa-ƙasa, don ya yi kama da mai neman ƙuma. Ya ɗan jima yana lalube, sai aka ga hannunsa ya tsaya. Ya sake motsawa, ya tsaya. Ya motsa na uku, ya tsaya, bai ƙara motsi ba. Fuskarsa ta sauya. Ya ɗaga kai ya dubi Kuluwa, ita kuwa ƙasa take kallo, hannunta na riƙe da bakin mayafi gam.

Alƙali ya ce, "Ka sami wani abu?"

Nababa ya fito da kyamarar daga cikin rigarsa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban sami komai na ƙungiya ba. Na janye da'awata. In 'yan'uwana suna da magana, su same ni a shago."

Alƙali ya gyara zama ya ce, "Janyewa taka ce, amma hukunci nawa ne, kuma zan faɗe shi don kada wani ya tayar da maganar bayan ba mu. Ku saurara. Kayan aiki iri biyu ne. Akwai wanda ke sanar da mai shi abin da bai sani ba, akwai wanda ke jiran mai shi ya sanar da shi. Waɗannan uku suna auna nisa su faɗa, su ne masu ma'aunin nisa, wasiyya ta hau kansu, na ƙungiya ne. Wannan ta huɗu ba ta auna komai, amana kawai take karɓa, abin da aka gaya mata shi take riƙewa, in gaskiya gaskiya, in kuskure kuskure. Ba ta cikin wasiyya, ta Kuluwa ce. Rantsuwa kuma ta faɗi, domin ba a rantsar da mutum a kan da'awar da mai ita ya janye. Amma yadda marigayi ya yi shekara tara bai gaya mata kuskure ba, wannan ba a kawo shi ƙara gabana ba, kuma alƙali ba ya shiga ɗakin da ba a yi masa sallama ba. Allah ya jiƙan Malam Tanimu. Ku tashi."

Jama'a suka watse suna cewa ƙwarewa ce kawai irin ta mutanen da. Nababa bai ba kowa kyamarar ba. Ya naɗe ta, ya rungume, ya bi bayan Kuluwa har gida. Da suka shiga tsakar gida ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi yana saurayi.

Ya ce, "Inna, tun shekarar da ya rufe akwatin ne, ko?"

Ta ce, "Ni ban ce maka komai ba."

"Ba ki ce ba. Ni ma ba tambayarki nake ba, da kaina nake magana. Duk Juma'a a zauren nan nake cin tuwo da shi. Ya ce in karanta masa jarida wai muryata ta fi ta rediyo, ni kuma ina ta fankama. Ya ce in zuba masa miya wai hannuna na da albarka. Shekara tara, Inna! Ina ɗaukar hoton mutane, ban ga wanda ke gabana ba."

Ta ce, "Da ya ji ka yanzu da ya yi dariya har da tari. Ba abin da ya fi jin daɗinsa kamar ka tashi ka tafi ba ka lura ba."

Nababa ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Yanzu na tuna. In an tara jama'a da yawa can nesa, in kika dawo sai ki ce, Malam, sun shirya. In mutum na tsaye shi kaɗai, ki ce, Maigida, bismilla. In kuwa fuska ce za a ɗauka kusa, sai in ji kin ce, Baban Auta. Ni ina cewa a raina tsofaffin nan ba sa gajiya da soyayya. Ashe sha biyar, da goma, da bakwai."

Kuluwa ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, "Alkawari kaya ne, Nababa. Ya ce kada ya fita daga bakina, bai fita ba. Amma zancen soyayyar da ka ce kana yi a ranka, shi ma ba ƙarya ba ne."

Sai Nababa ya dubi hotunan da ke jere a bangon rumfa, na 'ya'ya da na jikoki da na maƙwabta, ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. Ya ce, "Inna, ina naki?"

Ta ce, "Wa zai gyara wa mai gyaran zama?"

Ya leƙa 'yar tagar ja da ke bayan kyamarar, ya ga fim ɗin da Malam ya bari a ciki saura hoto ɗaya. Ya ɗauko kujerar tsugunno ya ajiye a bakin rumfa inda haske ke sauka a kaikaice. Ta yi ta ƙi, tana cewa tsohuwa da ita me za a gani, ya yi ta roƙo har ta zauna. Ya ja da baya ya tsaya, ya dubi zoben, ya dube ta, ya rasa lambar da zai sa, shi da ya saba kyamara ta gaya masa.

Kuluwa ta ce, "Kai dai har yanzu yaro ne." Ta tashi, ta tako daga kujerar zuwa inda yake, taku ɗai-ɗai. Ta kama hannun rigarsa ta jawo shi gaba kaɗan, kamar tafin hannu biyu. Ta koma ta zauna, ta gyara mayafi. Bakinta ya buɗe zai faɗi sunan da ta saba faɗa a wannan nisa, sai ya ƙi fitowa. Ta ɗaga yatsa ɗaya.

Nababa ya sa farce a tsaga ta farko, ya danna.

Hoton yana nan har yau a hannun jikokin Auta, ƙaramar 'yarsu. Ana iya ƙirga zaren mayafinta, ana iya ganin ruwan da ya taru a idonta bai zubo ba. Kuluwa ta rasu a 1974 ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ya fito da labarin shi ne wani rubutun ajami da jikokin Alƙali Haliru suka tarar a gefen wani littafinsa shekara talatin bayan rasuwarsa, sannan Nababa, da ya ga duk waɗanda abin zai sosa sun riga mu gidan gaskiya, ya cika sauran da bakinsa.

A ƙarshen rubutun alƙalin ya ce: ƙarfe da gilashi suna iya gaya maka nisan da ke tsakaninka da mutum, amma wanda ya taka nisan da ƙafarsa dominka, ya kuma rufa maka asiri a kan hanya, shi ba a yin wasiyya da shi, ba a kuma sa shi cikin gilashi.